Babi na Bakwai: Malfar Jaji da Zaren Liyoba

A ƙasar Zuru, tun daga Dirin Daji ta ƙaramar hukumar Sakaba har zuwa Ribah da Mahuta, ba baƙon abu ba ne a tarar da gida ɗaya inda uwa take zuwa coci, 'yarta tana aure a gidan Musulmi tana zuwa Islamiyyar matan aure, kakan kuwa yana nan riƙe da al'adun Lelna, ba ya wasa da bikin Uhola. Duk wanda ya san irin waɗannan gidaje ya san cewa karatun addini na farko da yaro yake samu kafin ya ga liman ko fasto, daga bakin mace yake jin sa. Ita ma macen wata mace ce ta koya mata, ko malamar Islamiyya ko shugabar zumuntar mata, kuma galibi da Hausa, wadda ta zama harshen masallaci da coci da kasuwa a yankin da mutane da yawa ke da nasu harshen na gado. Wannan aikin na mace ta koyar da mace, ita kuma ta kai gida, ya fi kowace makaranta da ke yankin tsufa, amma shi ne wanda littattafan tarihi suka fi yi wa rowar shafi. Babin nan zai ɗauki mata biyu da suka mayar da shi tsari mai shugabanci da ƙa'ida: Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a Sakkwato a 1864, da Liyoba, wata sista 'yar Ingila da ta yi aikin mishan a Jamus ta rasu wajen 782. Fiye da shekara dubu ne tsakaninsu, addininsu ba ɗaya ba, kuma babu wadda ta taɓa jin sunan ɗaya. Abin da nake so in tabbatar shi ne, gadon mace malama yana daɗewa gwargwadon yawan matan da ta mayar malamai, da kuma gwargwadon 'yancin da waɗannan malaman suke da shi na ci gaba da aiki bayan mulkin da ya ɗaure musu gindi ya kau.

Mu fara da ta nesa, tunda ita ce mai buƙatar gabatarwa. An haifi Liyoba wajen shekarar 710 a ƙasar Wesas da ke kudancin Ingila, ita kaɗai iyayenta suka haifa, kuma da tsufansu. Tun tana yarinya aka ba da ita ga gidan ibada na Wimbon, inda wata 'yar sarauta mai suna Tetta take shugabantar ɓangaren maza da na mata, kowane da katangarsa. A can ta yi zurfi a Latin, harshen karatun Turai na wancan zamani kamar yadda Larabci yake a wurinmu, ta karanci Littafi Mai Tsarki da dokokin coci da rubuce-rubucen magabatan Kirista. Rubutunta ɗaya tak ya iso zamaninmu, wata wasiƙa ce da ta aika wajen 732 ga ɗan'uwan mahaifiyarta, Bonifas, babban ɗan mishan da ke aiki a Jamus. A ciki ta tuna masa abotarsa da mahaifinta wanda ya shekara takwas da rasuwa, ta roƙi addu'a ga mahaifiyarta marar lafiya, ta haɗa da 'yan baitoci da ta tsara, ta ce ya duba ya gyara mata. Wajen 748 Bonifas ya nemi a aiko masa da ita, ya ɗora ta a kan gidan sistoci na Bishofshaim a bakin kogin Tauba. Mutanen da ta tarar yawancinsu sun riga sun karɓi baftisma, sai dai suna haɗa ta da tsafin bishiyoyi da maɓuɓɓugan ruwa. Bonifas ya taɓa sare wani katon itacen tsafi a Gaisma wajen 723, kuma ya gane da kansa cewa gatari yana kayar da itace cikin yini ɗaya, amma abin da uwa take raɗa wa ɗanta a ɗaki ba ya jin gatari. Don haka ya nemi mata masu karatu.

Duk wanda ya san tarihin jihadin Sakkwato zai ji wannan matsala kamar a gida. An haifi Asma'u a Degel a 1793, tana 'yar shekara goma da 'yan kai aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da gudun yaƙi har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta haddace Alƙur'ani, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ayyukanta kusan sittin sun tsira. Daular da aka kafa da takobi ta wayi gari cike da mutanen da ba su san dalilin kafa ta ba. Bayan yaƙe-yaƙe irin na Gawakuke a 1836, gidajen Sakkwato da Wurno da ƙauyukan ribaɗi sun cika da matan Gobir da Zamfara da Kabi, waɗansu an kamo su ne, da yawansu sun tashi cikin bori, shi ne asibitinsu, shi ne wurin kai kukansu. Waɗannan matan su ne za su yi renon 'ya'yan daular. Malamin zaure ba ya shiga cikin gida, littafin Larabci kuma ba ya magana da wadda ba ta san baƙi ba. Tun kafin jihadi Shehu ya soki malaman da ke tara almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma lokacin da wani malami mai suna Mustafa Gwani ya yi ƙorafin halartar mata wurin wa'azi, Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda daga baya ya zauna Gwandu a Jihar Kebbi ta yau, shi ya ba shi amsa da cewa barin su cikin jahilci ya fi muni. Hujja ta riga ta tabbata tun zamanin uba. Abin da ya rage shi ne hanyar aiwatarwa, kuma ita ce Asma'u ta samar.

Wajen ƙarshen shekarun 1830 ta kafa abin da aka sani da 'Yan Taru. Tsarin yana da sauƙin faɗa, amma akwai dabara a kowace gaɓarsa. Matar aure mai ƙananan yara ba za ta iya barin ɗakinta ta yi tafiyar kwanaki ba, saboda haka aka ɗora tafiyar a kan waɗanda al'ada ta yarje musu fita, wato dattijai mata da suka gama haihuwa da 'yan mata da ba su kai aure ba. Kowane ƙauye yana da shugaba da ake kira jaji, suna ne na mai jan gaban ayari. Asma'u da kanta take naɗa ta, ta ba ta malfa, a ɗaura mata jan ƙyalle a kai. Jaji takan jagoranci ayarinta a ƙafa zuwa gidan Asma'u, su koyi waƙoƙin da ta tsara a kan tauhidi da salla da tarihin Annabi da halin kirki, su haddace, su koma gida su rera wa matan da ba su samu zuwa ba, a tsakar gida, lokacin kaɗi ko daka. Akwai waƙarta da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani don mai koyo ta riƙe su a ka, akwai Waƙar Gewaye da ta ba da labarin hijira da yaƙe-yaƙen Shehu, akwai wadda ta lissafa mata salihai tun daga iyalan Annabi har zuwa matan zamaninta, domin mai sauraro ta san cewa tana da magabata. Su jaji kuma ba karatu kaɗai suke kaiwa ba, su ne masu wankan gawar mace, masu jinyar marar lafiya, masu sasanta rigimar kishiyoyi. Malfar ma ba a banza aka zaɓe ta ba. A Gobir, Inna, 'yar gidan sarauta mai shugabantar bori, da ita aka san ta. Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka saba girmamawa, ta ɗora ta a kan malama.

Liyoba ma ta wannan hanyar ta bi, gwargwadon abin da zamaninta ya ba ta. Rudolf na Fulda, wanda ya rubuta tarihinta wajen 836, ya ce da wuya a samu gidan sistoci a yankin da ba a nemi ɗalibanta su je su koyar ba, kuma da yawansu sun zama shugabanni. Ya ba da labarin wani mafarki da ta yi tun tana Wimbon, inda ta ga wani zare mai launin shunayya yana fitowa daga bakinta, tana ja yana ƙaruwa, har ta naɗe shi ya zama ƙwallo a hannunta. Wata tsohuwar sista ta fassara shi da cewa hikima ce za ta fito daga bakinta ta isa ga mutane a ƙasa mai nisa. Ko an yi mafarkin ko daga baya aka ƙawata shi, ya nuna yadda ɗalibanta suka fahimci aikinta: abu ne da ke fita daga baki ya zarce zuwa hannun wasu. Sun kuma tuna da ita a matsayin mai tsakaitawa. Tana tilasta musu hutawa bayan abincin rana, tana hana su wuce gona da iri a raya dare, domin a ganinta wanda bai yi barci ba ba ya fahimtar abin da yake karantawa. Sun ce ko ta kishingiɗa sai an karanta mata Littafi, kuma in mai karatu ta tsallake kalma sai ta gyara mata alhali ana zaton barci take yi. Duk wanda ya taɓa ganin gwani yana gyangyaɗi amma ya tsayar da ɗalibi a kan wasali ɗaya zai gane irin malamar da ake nufi.

Ƙalubale na farko da mai karatu zai kawo shi ne cewa duk wannan gata ne. Asma'u 'yar Shehu ce, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar waziri, uwar waziri. Liyoba kuwa 'yar'uwar babban bishop ce, aminiyar Sarauniya Hildigad matar Sarki Sharlaman, kuma ita kaɗai ce macen da aka yarda ta shiga gidan ibadar maza na Fulda ta yi addu'a. Ashe ba da ruwan ciki suka ja na rijiya ba? Gaskiya ne, kuma babu amfanin musun sa. 'Yar talaka a Degel ko a Wesas ba za ta samu takarda da tawada da lokacin zama karatu irin nasu ba. Amma gata yana bayyana yadda aka yi suka samu ilimi ne kawai, bai bayyana abin da suka yi da shi ba. Gidan Shehu cike yake da mata masu karatu, gidajen sarautar Ingila ma haka, kuma mafi yawansu sun ƙare da iliminsu a cikin da'irar danginsu. Asma'u tana iya tsayawa ga Larabci, malamai daga Gwandu har zuwa Shingiɗi ta ƙasar Muritaniya suna musayar rubutu da ita, darajarta ba za ta ragu ba. Sai ta sauko zuwa Hausa, harshen waɗanda aka ci da yaƙi da na bayi da na ƙauye, ta kuma rubuta marsiyya ga wata jaji mai suna Hauwa'u kamar yadda ta rubuta wa Bello da Giɗaɗo. Wannan zaɓi ne, kuma shi ne abin da ya kamata a auna ta da shi.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi, kuma mutumin ƙasar Zuru ya fi kowa cancantar kawo shi. Matan nan biyu sun yi aiki ne a inuwar masu takobi. A shekarar 782 da aka fi danganta rasuwar Liyoba da ita, littattafan tarihin fadar Sharlaman sun ce ya sa an kashe Saksonawa 4,500 a Fadan cikin yaƙin da ya tilasta musu baftisma, kuma Saksonawan nan dangin kakannin Ingilishi ne. A namu ɓangaren, Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kwantagora a shekarun 1860, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, wato ɗan ɗan'uwan Asma'u. Harin kamen bayi daga Kwantagora, a zamaninsa da na ɗansa Ibrahim, ya addabi Kambari da Dukkawa da Dakarkari (wato Lelna), kuma duwatsun yankin sun zama mafakar masu gudu. Ga jikan wanda ya kwana a kan dutse, zancen malfar jaji zai iya zama kamar zuma a bakin mashi. Ba zan ce matan nan ba su da hannu a ginin daulolinsu ba. Asma'u ta yi waƙar murnar nasarar yaƙi, ta yaƙi bori da alƙalaminta, kuma karatun da su jaji suka kai ya taimaka wajen mayar da waɗanda aka ci da yaƙi talakawan daula. Liyoba ta ci abincin fada, ƙasar da ta yi ritaya a kanta a Shonshaim kusa da Mayins kyautar sarki ce. Sai dai akwai bambanci na haƙiƙa tsakanin hanyoyin biyu, kuma sakamako ya nuna shi. Inda aka je da kame, mutane sun hau dutse sun ƙara riƙe abin da suke da shi, har ya zama ƙasar Zuru ba ta karɓi Musulunci ko Kiristanci da yawa ba sai a ƙarni na 20, ta hanyar fatake da malamai da 'yan mishan da auratayya. Inda aka je da waƙa da jinya da wankan gawa, abin ya shiga ɗaki ya zauna. Mai koyarwa dole ta ɗauki mai sauraro a matsayin mai hankali wadda za a iya gamsarwa, kuma wannan shi ne akasin abin da mai kame yake zato game da wanda ya kama.

Ƙalubale na uku yana zuwa daga masu kishin addini na ɓangarorin biyu, cewa bai dace a jera matar aure mai 'ya'ya, wadda addininta bai yarda da ruhbananci ba, da sistar da ta yi alkawarin ƙin aure har abada ba. Bambancin gaskiya ne, kuma ba na neman shafe shi, domin a cikinsa ne hujjar babin nan take. Tsarin Liyoba yana buƙatar katanga, gona, ɗakin kwafar littattafai da takardar izinin bishop. Mace sai ta bar gidansu ta shiga ciki kafin ta samu ilimin. Wannan ya ba da zurfin karatu mai ban mamaki. Wata sistar Ingila a gidan Haidinhaim mai suna Hugabag ta rubuta tarihin tafiyar wani mai suna Wilibal zuwa Ƙudus ta ƙasar Sham a zamanin Banu Umayya, ta ɓoye sunanta cikin wasu baƙaƙe da ba a warware ba sai a 1931. Amma abin da ya dogara da katanga da izini, ranar da mai izini ya canja ra'ayi ya ƙare. A 789, 'yan shekaru bayan rasuwar Liyoba, dokar Sharlaman ta hana shugabannin sistoci sa wa maza albarka da ɗora hannu, dokokin da suka biyo baya kuma suka ƙara tsananta kulle su. Gidan Haidinhaim, wanda wata sista mai suna Walburga ta shugabanci maza da mata a cikinsa tun daga 761, an mayar da shi na limaman maza bayan rasuwarta. Wimbon da ta yaye Liyoba ta rushe a zamanin hare-haren mutanen Denmak, da aka farfaɗo da ita kuma maza aka zuba. Hatta wasiyyar Bonifas ba ta tsira ba. Kafin tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Firisiya, inda aka kashe shi a 754, ya ba Liyoba rigarsa ta ibada, ya roƙi a binne ta a kabarinsa in ta rasu. Mazan Fulda sun binne ta a cocin, amma ba su buɗe kabarin ba, daga baya ma aka kwashe ƙasusuwanta zuwa wani coci a kan tudu a wajen gidan.

Tsarin Asma'u kuwa bai mallaki gini ko gona ba, saboda haka babu abin da za a ƙwace. Makarantar tana cikin kan tsohuwa da ƙafafunta. Da Asma'u ta rasu aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, ƙanwarta Maryam, wadda ta taɓa auren Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta karɓi jagorancin, bayanta kuma wata da ake kira Ta Modi. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun naɗa sarakuna sun sauke, sun sa hannu a kotuna da haraji, amma ba su ga abin da za su rushe ba a ayarin tsofaffi da 'yan mata masu zuwa ziyara. Lokacin da Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta shiga binciken rayuwar Asma'u da taimakon Waziri Junaidu, wanda daga zuriyar Asma'u da Giɗaɗo yake, ta tarar da su jaji suna nan da ransu suna rera waƙoƙin, fiye da shekara ɗari bayan mai su. Littafinta na tarihin Asma'u ya fito a 1989, tarin ayyukan da ta haɗa da Beverly Mack kuma a 1997. Kafin nan, a 1985, an kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna, kuma matan da ke buɗe azuzuwan matan aure a faɗin Arewa sun samu a cikin Asma'u amsar da ke rufe bakin mai cewa karatun mace baƙon abu ne da Bature ya kawo.

Za a iya cewa na yi wa baki da ƙafa kara, na rage wa takarda daraja. Ai ba don Rudolf ya rubuta ba da ba mu san Liyoba ba, ba don ɗakin littattafan gidan Waziri ba da yawancin ayyukan Asma'u sun salwanta, kuma 'Yan Taru kansu sun ragu a ƙarni na 20, a wurare da dama abin ya koma ziyara da neman albarka fiye da karatu. Duk wannan haka yake. Amma a duba daga ina takardar ta samo abin da ta adana. Rudolf bai taɓa ganin Liyoba ba. Ya dogara ne da guntayen bayanan da wani limami mai suna Mago ya rubuta daga bakin ɗalibanta huɗu, Agata da Tekla da Iyoliba da wata da ake kira Nana. Inda ya saki maganarsu ya kama salon tarihin waliyyai, sai mu ga Liyoba tana tsayar da hadari tana kashe gobara da gishiri mai albarka, kamar kowane waliyyi a littattafan zamanin. Inda ya bi bakin ɗaliban, sai mu ga mace mai rai, mai ƙaramin kofin sha, mai hana yara kwana ba barci, wadda ba ta son zaman fada duk da son da sarauniya take yi mata. Haka nan waƙoƙin Asma'u na Hausa an tsara su ne da ma'auni da amsa-amo domin a haddace a rera, takardar ajami madogara ce ga mai mantuwa. Takarda tana adana suna, har wata rana a farfaɗo da shi, kamar yadda wata ƙungiyar sistoci a Jamus ta ɗauki sunan Liyoba a shekarun 1920. Aikin kansa kuwa sai da mutum mai rai da ya karɓa daga wani.

Wannan ya dawo da mu Dirin Daji da maƙwabtanta, inda maganar ta wuce ta tarihi. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, kuma 'yan mata ne suka fi daɗewa a hannunsu. Tun daga lokacin iyaye da yawa a kudancin Kebbi suke auna karatun 'ya mace da tsoron makarantar kwana, ƙauyuka kuma suna watsewa mutane suna komawa garuruwa. Babu mai hankalin da zai ce waƙa a tsakar gida za ta maye gurbin aji da ɗakin gwaje-gwaje, kuma haƙƙin hukuma ne ta tsare makarantun. Amma Asma'u ta tsara nata aikin ne a ƙasar da ba ta gama fita daga yaƙi ba, ga matan da aka raba da garuruwansu, ta kuma yi tambayar da ta dace da irin wannan hali: wace ce za ta iya tafiya, me za ta iya ɗauka a ka, wa za ta koya wa in ta isa? Malamar Islamiyyar matan aure da shugabar zumuntar mata su ne masu riƙe da wannan amsar a yau, ko sun san sunan jaji ko ba su sani ba. Su ne suke shiga ɗakin da jami'in ilimi da na rigakafi ba sa shiga, kuma in gari ya watse suna tafiya tare da mutanensu, da abin da suka sani. Duk mai shirin ilimin mata a yankin da ya ƙirga azuzuwa da kujeru ya manta da su, ya sake yin kuskuren mazan Fulda, waɗanda suka adana ƙasusuwan malamar da girmamawa suka bar makarantarta ta mutu. Tambayar da ta fi amfani a yi wa kowace irin wannan malama ita ce, mata nawa ta yaye da za su iya zama a wurinta gobe in ba ta nan.